Unguwannin Kano da Sunansu Ya Fi Su: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya ko fili a Kano ya san yadda hirar take farawa. Kafin dillali ya faɗa maka ɗaki nawa ne a gidan, sai ya fara jefo maka sunan unguwa, ya ɗan yi shiru ya ga ko sunan ya kama ka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shirin aure, da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, da magadan da ke shawarar sayar da gidan iyaye suka fi yi. Wanda ya ga an taɓa unguwarsu ya yi haƙuri, ba da gayya ba ne.

Me ake nufi idan aka ce sunan unguwa ya fi ta?

Ana nufin kuɗin da kake biya na abin da unguwar take ne a da, zaman da za ka yi kuwa na abin da ta koma ne yanzu. Suna yana da jinkirin mutuwa. Unguwa za ta yi fice saboda shiru da bishiyoyi da ruwan famfo, sai ficen ya jawo masu kuɗi, kuɗin ya sa a yanka filaye a sare bishiyoyi, shirun ya tafi, famfon ya ƙafe. Bayan shekara ashirin babu abin da ya rage sai sunan, kuma shi ake ci gaba da sayarwa.

To, Nasarawa GRA tana cikin irin waɗannan?

Wani ɓangarenta, ƙwarai kuwa. Amma sai an tuna yadda aka kafa ta kafin a gane abin da aka rasa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba su zauna cikin ganuwa ba. Sun keɓe wa kansu wuri a gabas da birni. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ma ta tanadi a bar fili fayau na yadi 440 tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Gida ɗaya sai ya ci filin da a cikin birni zai ɗauki layi guda. Ga darbejiya da maɗaci da mangwaro, ga filin sukuwa, ga kulob. Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikatan gwamnati da attajirai suka gaji wurin, suka gaji martabarsa.

Yanzu ka bi titin Audu Bako ko Ahmadu Bello da rana ka ƙirga gidajen da har yanzu iyali ke kwana a ciki. Makarantar kuɗi, asibitin kuɗi, gidan abinci, otal, wurin biki, wurin sayar da motoci, ofishin jam'iyya. Tsohon gida mai faɗin fili kuwa, da mai shi ya rasu, sai a rushe a tayar da gidaje shida ko takwas a jere, kowanne da katanga ta kusa taɓa ta maƙwabci, tsakar gida an malale da siminti ko ciyawa ba za ta tsiro ba. Kowane gida da rijiyar burtsatsensa da janaretonsa ko farantan sola. Wato abin da ake cewa unguwar ta fi sauran da shi, kowa da aljihunsa yake samar wa kansa. Ranar Asabar da daddare, idan wurin bikin da ke bayanka ya kunna kiɗa, za ka tambayi kanka me ka biya.

Gaskiyar da ba za a ƙi faɗa ba: titunan suna da faɗi, takardun filayen galibi a tsare suke, jami'an tsaro ba su da nisa tunda gidan gwamnati na nan, kuma akwai lungunan da har gobe za ka ji kukan kurciya da hantsi. Amma wanda ke da irin wannan gida ba kasafai yake ba da shi haya ba.

Titin Gidan Zoo fa? Matasa da yawa can suke hari.

Wurin yawo ne mai daɗi, wurin kwana kuma sai a hankali. Titin ya samo suna daga gidan namun dajin da aka kafa zamanin Audu Bako, gwamnan farko na jihar, lokacin da yankin yake bakin gari. Daga baya ofisoshin 'yan fim suka taru a wurin, shagunan kaya da na waya suka biyo baya, sannan aka buɗe katafaren rukunin kantuna na Ado Bayero a 2014. Daga nan kuɗin haya a layukan da ke kewaye ya fara gudu. Shoprite, wanda shi ne babban abin da ke jan jama'a zuwa rukunin, ya rufe reshensa na Kano a Janairun 2024. Masu gidajen haya ba su ji labari ba, ko kuma sun ji sun yi kamar ba su ji ba.

A ƙasashen waje ana cewa masu kuɗi ne ke shigowa unguwar talakawa su kore su. Haka abin yake a Kano?

A Landan aka fara ba abin suna, wato "gentrification", a 1964, lokacin da masu hali suka riƙa sayen tsofaffin gidajen ma'aikata suna gyarawa suna tarewa a ciki. A Kano da wuya ka ga attajiri ya sayi gidan ƙasa a lungu don ya zauna. Abin da ke korar mutum daga unguwarsu a nan shago ne.

Dubi Fagge. Tsohon zangon fatake ne a bakin ganuwa, unguwar malamai da 'yan kasuwa da baƙi daga ko'ina. Kantin Kwari, inda a da Kwarori ke da kantuna da gidajen kwana, ta girma har ta zama cibiyar atamfa da shadda da yadi da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Kasuwa ba ta da katanga. Ta cinye filin ajiye motoci, ta cinye gefen titi, ta hau kan magudanar ruwa, sannan ta fara leƙa gidajen mutane. Gidan da ke kusa da ita, idan aka ba shi iyali haya, kuɗinsa na shekara bai kai abin da shago biyu ko uku za su kawo ba, alhali filin zai ɗauki shago ashirin a bene mai hawa uku, sama kuma a yi sito. Mai gida ba sai an yi masa wa'azi ba. Ɗan haya sai ya ga takardar notis.

Haka abin yake a kewayen Ƙofar Wambai, da Singa, da titin Beirut, da Farm Centre, da layukan Sabon Gari da yawa. Gida ɗaya ne ke fara faɗuwa. Daga nan manyan motoci su fara sauke dila a ƙofar maƙwabta, 'yan dako su cika layi, yara su rasa wurin wasa, matan gida su kasa fita ba tare da ratsa taron maza ba. Wanda ya rantse ba zai sayar ba, bayan shekara biyar shi ke aika wa dillali. Da magariba kuma a kulle shaguna, layin da a da ake shimfiɗa tabarma ana cin tuwo tare ya koma na masu gadi da karnuka. Masallacin unguwa ya cika maƙil da azahar, da asuba kuwa sahu ɗaya bai cika ba. Wannan ita ce alamar da ba ta ƙarya.

Me ya sa mutane ke sayar da gidan gado, alhali sun san ba za su iya sake sayen irinsa ba?

Saboda lissafi. A ce magidanci ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha huɗu da gida ɗaya. Matan su raba tumuni, sauran a kasa wa 'ya'ya, namiji rabon mace biyu. Gida mai ɗaki bakwai ba ya rabuwa haka. Da can ana haƙuri, babban wa ya riƙe gida, ƙanne su zauna, wadda aurenta ya mutu ta dawo ɗakin uwarta. Abin da ya sa haƙurin ya yiwu shi ne gidan ba shi da wani kuɗin kirki. Ranar da ɗan kasuwa ya taya shi da kuɗin da ba wanda ya taɓa riƙe irinsu a gidan, haƙuri ya ƙare. Wani yana son jari, wani aure, wata kujerar Makka, kuma kowa haƙƙinsa yake nema, ba wanda za a zarga.

A fiƙihun Malikiyya akwai shuf'a, wato abokin tarayya a cikin gidan da ba a raba ba ya fi bare cancantar sayen kason ɗan'uwansa, a kan kuɗin da baren ya biya. Matsalar ita ce kuɗin. Malamin firamare ba zai iya taya abin da mai shigo da kwantena ya taya ba.

Wadda aka fi cuta a wannan ciniki galibi tsohuwa ce. An ba ta kasonta, an kai ta sabon gida mai tayil a bayan gari, inda ba ta san kowa ba, ba mai leƙowa ya ce "Iya, ina kwana," ba mai sayen ƙuli-ƙulinta, ba gidan suna ko na makoki da za ta je da ƙafa.

Cikin birni ma abin ya shiga?

Ya shiga, ta bakin titi. Can cikin lungunan da mota ba ta shiga, kamar wasu sassan Dala da Yakasai da kewayen Kurmi, ƙuncin hanya ne ya zama garkuwa. Amma duk inda aka faɗaɗa titi, gidajen da suka wayi gari a bakinsa sai zaurensu ya koma shago, soron ya koma bene.

Abu biyu birni ya yi asara da ba a saye da kuɗi. Na farko ganuwa, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa. An ɗebe ƙasarta an yi tubali, an yanka jikinta an yi fuloti, a wurare da yawa sai an nuna maka inda take a da. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don aikin titi, abin da ke tsaye yanzu sabon gini ne. Na biyu kududdufai. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma ko da ana ƙyamarsu saboda shara da sauro, su ne ke shanye ruwan damina. An cike su ɗaya bayan ɗaya an yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu gine-ginen da aka ɗora kan hanyoyin ruwa suka nuna da yatsa.

Waɗanda suka tashi, ina suke komawa?

Bakin gari, inda kasonsu zai iya sayen fili: hanyar Gwarzo bayan sabuwar jami'ar Bayero, hanyar Madobi da Panshekara, hanyar Katsina wajen Dawanau, hanyar Haɗeja da ta Wudil. Yawancin filayen awon igiya ne, gona ce dillali ya saya ya yayyanka yadda zai fi samun fuloti, ya bar hanyar da adaidaita biyu ba za su gifta juna ba. Babu filin makaranta, babu na asibiti, babu magudana. Turakun wuta da taransifoma sai mazauna sun yi karo-karo. Ruwa sai kurar 'yan ga-ruwa. Mutumin da a da yake taka ƙafa zuwa rumfarsa yanzu sai ya hau adaidaita biyu, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin motar wata ya zama wata hayar ta biyu.

Su ma sun tarar da wasu a can. Manomin Ungogo ko Kumbotso da ake cewa "gari ya iso shi" ya sayar da gonar da ta ciyar da kakanninsa, ya yi aure, ya sayi babur, ya gyara ɗaki. Bayan 'yan shekaru sai ka gan shi yana leburanci ko gadi a ginin da ake yi a kan gonar tasa. Korarre ne ya kori wani, ba tare da ɗayansu ya yi niyya ba.

Abin dariyar shi ne, wasu daga cikin unguwannin nan su ne za a zuzuta gobe. Rijiyar Zaki da Hotoro da Na'ibawa duk an taɓa yi musu kallon ƙauye.

Gadojin sama da na ƙasa ba su ƙara wa unguwa daraja ba?

Sun ƙara wa mai wucewa sauƙi, wannan ba musu. Gadar Ƙofar Nasarawa, da ta Kabuga, da ta Dangi, da ta Hotoro sun rage cunkoson da a da ake shafe lokaci a ciki. Amma mai shagon da gada ta bi ta saman kansa ciniki ya rage masa, domin motar da take tsayawa a ƙofarsa yanzu a guje take wucewa. Wanda ya ci riba shi ne mai fili a can gaba, inda tafiyar ta gajarta. Shi ya sa masu sayen fili don ajiya ke bin labarin kwangilar titi fiye da yadda suke bin labarin kasuwa.

Idan ina da takardar gwamnati, ai shi ke nan ko?

Ta fi babu nesa ba kusa ba, amma 2023 ta koya wa mutane darasi. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf a ranar 29 ga Mayu, aka fara rusau: gine-ginen filin sukuwa, na tsohon otal ɗin Daula, shagunan Filin Idi. Masu su suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su, sabuwar kuma ta ce filayen jama'a ne da tun farko bai halatta a yanka ba. Babbar kotun tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, abin lura ɗaya ne. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, kai izinin zama kake riƙe da shi. Don haka kafin ka sayi fili mai kyan wuri, tambayi tsofaffin unguwa me wurin yake a da. Idan suka ce filin makaranta ne, ko maƙabarta, ko jikin ganuwa, ko harabar masallaci, ko kududdufi, riƙe kuɗinka komai kyan hatimin da ke jikin takardar.

Sababbin biranen da gwamnati ta gina fa?

Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an gina su tsakanin 2011 da 2015, da tituna da magudanai da tsarin da yawancin unguwannin Kano ba su da shi. Gidaje da yawa sun shekara da shekaru a kulle, saboda waɗanda suka saya ajiyar kuɗi suka yi, masu buƙatar wurin kwana kuma ba su da kuɗin saye. Har ta kai a 2025 gwamnati ta ba masu gidajen wa'adin su tare ko su zuba 'yan haya. Unguwa ba ta zama unguwa sai da mai shayi da mai kayan miya da makarantar allo.

Wannan duk ba hassada ba ce kawai? Gari ai dole ya girma.

Dole ne. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma kowa ya ga yadda aka ƙaru tun daga lokacin. Plaza ɗaya tana ciyar da yaran shago da 'yan dako da masu abinci da yawa. Gidan ƙasa mai azara yana da sanyi da kyan gani, amma wanda ya kwana yana tare yoyo da bokiti a watan Agusta ba zai so a yi masa waƙar tarihi ba. Akwai kuma iyalan da sayar da gidan gado ya fitar da su daga talauci da gaske.

Ƙorafin a kan yadda ake yi ne. Ana iya tayar da bene a bar wa ruwa hanya. Ana iya hana mai plaza gini sai ya nuna inda motoci za su tsaya. Ana iya sa ido kan ingancin ginin, don kada a maimaita abin da ya faru a titin Beirut a ƙarshen Agustan 2022, lokacin da benen da ake kan ginawa ya rufto kan mutane. Dokokin suna nan a rubuce, hukumar tsara birni ma tana nan.

Ta yaya zan gane unguwarmu ta kama hanyar canzawa?

Dillalai za su fara yawan gaishe da dattawan layi. Za a sayi gidan kwana a bar shi a kulle, ba a rushe ba, ba a zuba kowa ba, ana jiran na kusa da shi. Mai gidan haya zai daina karɓar kuɗin shekara biyu, ya ce ɗaya-ɗaya ya fi masa. Sai kuma ka ji an daina kiran wurin da sunansa na asali, an laƙaba masa na unguwar masu kuɗin da ke kusa, an ƙara "extension" a ƙarshe.

Ina shirin kama gida. Me zan duba in ba suna ba?

Je ka ga gidan sau uku ba tare da dillali ba: da safe lokacin kai yara makaranta, da daddare bayan isha'i, da kuma ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Idan da rani ne, dubi gindin katangu, ruwa yana barin zane a inda ya tsaya. Ƙirga kurar 'yan ga-ruwa a layin, ka tambayi ɗaya nawa jarka take kaiwa a watan Afrilu. Mai shagon da ke sayar da ƙanƙara ko lemo zai gaya maka gaskiyar wuta fiye da mai gida, kuma ka tambaya ko layin yana rukunin A na kamfanin wuta, wato "Band A", domin a Afrilun 2024 kuɗin wutar wannan rukuni ya ninka fiye da sau uku. Lissafa kuɗin motar kowa a gidan na shekara guda ka ɗora a kan hayar kafin ka kwatanta da wata unguwa. La'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya a faɗe su tun kafin ka ce kana so.

Idan saye ne, kada ka tsaya a kan takardar da aka miƙo maka. A bincika lambar filin a ofishin filaye na jiha, a je wurin mai unguwa, kuma idan gidan gado ne ka nemi ganin takardar rabon gado daga kotu, ka tabbatar kowane magaji ya sa hannu, har da 'yan'uwa matan da ke aure a wani gari.